Yadda Cleophus Ya Wanke Waƙarsa

Butulci nake son in yi magana a kai, irin na mutumin da aka ɗora a kafaɗa, ya juyo yana cewa mai kafaɗar yana wari.

A gidan wasana na takalmin taya, nan Dayton ta Amurka, aka haifi "Taka a Hankali". Cleophus Tate ne mai waƙar, amma kiɗan na Rudell ne, mai ganga. Rudell ba ya kallon kowa in yana kiɗa sai ƙafafun masu zagaya fili. Yakan ja jiki kaɗan, ya jira taya ta sauka, sannan ya doka. Shi ya sa ko tsohuwa ta hau kiɗan nan ba ta tuntuɓe. Haka kiɗan da muke kira fank yake a wurinmu.

Sun ɗauki waƙar a wani ɗan ɗaki bayan shagon aski, har da tarin Otha mai jita a ciki. Rediyon gari ya kama, na Detroit ya kama. Faifan ya shiga jerin waƙoƙin ƙasa a na saba'in da ɗaya, ya hau na arba'in da takwas, ya hau na ashirin da tara. Wani kamfani a New York ya ce in ya shiga goman farko, za a sa su a talabijin.

Cleophus ya tafi New York shi kaɗai. Ya dawo da farin kwat da sabon faifai.

"Kawu, an wanke ta," ya ce mini. "Na sa an janye tsohon daga kasuwa. Ƙwararru suka sake bugawa, har da goge. Ba tari, ba jan ƙafa."

Na ce, "Ina Rudell?"

"Ai wannan barci yake a kan ganga. Mu yanzu sauri muke."

Rudell yana tsaye a wurin yana cin soyayyen kifi. Ya naɗe takardar kifinsa ya fita.

Ranar Asabar fili ya cika, na ɗora sabon faifan. Zagaye ɗaya, mutane suka fara karo da juna. Kiɗan yana gudu, taya tana baya. Earlene, wadda ba ta taɓa barin fili kafin a tashi ba, ta zauna tana kwance igiyar takalminta.

"Kai, mai farin kwat!" ta ce. "Wannan na rawa ne ko na gudun 'yan sanda?"

"Kunnenki ne na ƙauye, Earlene."

"To je ka New York su yi maka rawar da kunne. Kawu, don Allah maido mana na tarin!"

Na maido. Fili ya sake cika, shi kuma yana tsaye kamar an aiko shi karɓar haraji. Raina ya ɓaci har na kasa kallonsa.

Abin da ya faru a filina shi ya faru ko'ina. Masu neman tsohon ba su samu a kanti ba, sabon kuwa wanda ya saya ya gargaɗi maƙwabcinsa. Daga na ashirin da tara ya sauko na hamsin da biyar, mako na gaba babu shi.

Talabijin ba ta kira ba. Kamfani ya sallame shi. Makaɗansa huɗu, waɗanda suka ɗauki tsohon faifan tare da shi, suka bi wata mawaƙiya. Kuma duk Dayton bai ƙara samun mai gangar da ya yarda ya zauna a bayansa ba.