Kwamfutar Bayan Labule

Ranar Litinin ɗin farko a kowane wata Injiniya yake zuwa ɗakin gwajin jinin. Zai jona kwamfutarsa, ya saki wata manhaja ta bi na'urorin wurin ɗaya bayan ɗaya tana laluben kafar da ɓarayin intanet za su iya shigowa. Mai wurin kuwa, wadda kowa ke kira Anti, tana da tata dabarar. Kafin ya iso sai ta shiga bayan labule ta zare igiyar intanet ta tsohuwar kwamfutar da ke haɗe da injin gwaji.

Tun zuwansa na farko ya ce wannan tsohuwa ta gama yayi, an daina sabunta ta, a canza. Anti ta ce to. Amma canjin sai an rufe wurin sati guda, ita kuwa ko zazzaɓi ba ya hana ta buɗewa. Daga baya ta ce masa an kawar da ita, alhali ɓoye ta take yi, yadda ake tura wanki ƙarƙashin gado idan an ji sallamar baƙi. Wata takwas rahoto na fitowa kore shar, tana ta madalla, har da jin kanta gwana.

Ran nan sai ga shi ranar Alhamis da hantsi, wai hanya ce ta biyo da shi. Tana tsaye da allura a hannun wani dattijo, babu halin tashi. Kafin ta liƙa auduga ta fito, fuskar kwamfutarsa ta yi jajir.

"Anti, na'ura goma sha ɗaya na sani a nan. Yau sha biyu nake gani."

"Ko wayar wani ce?"

Ya bi igiya da ido, ya ɗaga labule. Ga tsohuwa nan tana gurnani, lafiyarta lau.

Ta shirya wa faɗa, amma bai yi ba, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Ya ja kujera ya daɗe yana danne-danne. Tana tsaye a bayansa.

"Akwai wanda ya buɗe wa kansa ƙofa a nan," ya ce. "Sati shida kenan yana kwashe abin da ke ciki. Me ake ajiyewa?"

Sakamakon gwajin mutane ne, da sunayensu, da lambobin wayarsu. Amma mutum ɗaya ce ta faɗo mata. Sati uku da suka wuce Auta, ƙanwarta, ta zo bayan ma'aikata sun tashi. Anti da kanta ta ɗauki jinin, da kanta ta karanta abin da ya fito. Auta ta riƙe mata riga tana kuka. "Yaya, ki rantse ba wanda zai ji. Ko Mama. Sai ran da na iya faɗa da bakina." Ta rantse. Don kada ma'aikata su gani ne ma ta bar sakamakon a wannan kwamfuta kaɗai, tunda ba mai shiga bayan labule sai ita.

Injiniya ya fizge igiyar intanet ɗin, wadda ta saba zarewa duk wata.

"Me za su yi da shi?" ta tambaya.

"Wani lokaci su sayar. Wani lokaci su aika wa mai lambar saƙo, su tsorata shi. Dole ki sanar da mutanen nan yau, kafin su riga ki."

Ta yi maza ta buɗo sunan Auta. Lambar da ke jiki ba ta Auta ba ce. Ta Mama ce, tun shekarun baya da Mama ta kawo ta gwajin zazzaɓi, ba a taɓa canzawa ba. Tsoro irin wannan ba ta taɓa ji ba.

Tana laluben wayarta sai ta fara ruri a aljihu.

"Ke, wai wani saƙo ne ya shigo mini da sunan Auta," in ji Mama, cikin natsuwarta ta kullum. "Rubutun ƙanana ne, kuma ban ga inda na sa tabarau ba. Bari in leƙa maƙwabta a karanta mini."

"Mama, kar ki ba kowa! Ki zauna, ga ni nan zuwa! Mama!"

Mama kuwa, da ta gama faɗar nata take kashe waya.