Ƙarfe da Ƙarfe, Ban da Fenti

Ana gobe bikin rufe fuska, ƙanena Efraín ya shigo gareji da kwali a hammata, yana tafiyar nan tasa ta wanda ya ci gasa tun ba a fara ba.

"Migdalia, rufe idonki."

"Hannuna duk baƙin mai ne, ba ni da lokacin wasan yara. Mene ne?"

Faya-fayan ƙarfe ne guda huɗu, kowanne kaurin inci biyu, irin waɗanda ake ɗaurawa tsakanin taya da mazauninta don tayoyi su fito waje, mota ta buɗe ƙafa. Bara jif ɗin 'yan unguwar Carrizales ta fi tamu faɗi, kuma Efraín bai yafe musu ba har yau. Ban yi musu da shi ba. Gobe mutum goma sha biyu za su ɗare jif ɗinmu su zaga garinmu, Hatillo, suna jijjiga ta hagu da dama, kamar yadda kowace ƙungiya ke yi. Motar da za ta sha wannan wahala gara ta tsaya da faɗinta, in dai an ɗaura abin yadda ya kamata.

Garejin na mahaifinmu ne, Don Herminio. Shekara arba'in yana cikinsa, kuma duk abin da na sani game da ƙarfe daga hannunsa na ɗauka. Shekara biyu ke nan abubuwa suka fara kuɓuce masa. Sai ya zuba sukari sau uku a kofi, ko ya kira ni da sunan ƙanwarsa. A hankali muka janye sifanu daga gabansa ba tare da kowa ya ce uffan ba, muka bar masa fenti. Shi ke shafe jif ɗin da kore da ruwan ƙwai duk shekara, shi ke zama a gaba ranar biki. Wannan aikin ne kaɗai ya rage yana tashi da safe dominsa.

Na ajiye faya-fayan a kan teburi na tafi gidan gwaggonmu, Titi Awilda, karɓo abincin gobe. Ita kuwa ba a shiga gidanta a fito da wuri. Sai da na ci shinkafa da wake, na ji labarin gwiwarta daga farko har ƙarshe, sannan ta sake ni.

Da na dawo, ga faya-fayan nan an shanya su a rana a kan tsohuwar jarida. Kore shar, gaba da baya, shafi biyu, da zanen ruwan ƙwai a gefe. Papi, kamar yadda muke kiran mahaifinmu, na kan kujerarsa a inuwa yana gyangyaɗi, burushi a cinyarsa.

"Kin gani?" in ji Efraín, baki har kunne. "Tsohon nan bai san wasa ba. 'Yan Carrizales sai sun yi ciwon ido."

"Sai dai su yi ciwon ciki don dariya, in tayarmu ta riga mu isa dandali."

"Ke dai ba kya ganin abu mai kyau ki yi shiru."

Na jawo shi bayan mota, na rage murya. "Saurara, sarkin ado. Fuskar nan da za ta haɗu da mazaunin taya, dole ƙarfe ya taɓa ƙarfe. In akwai fenti a tsakani, yau ka ɗaure tamau, gobe mota ta yi zafi, fentin ya lotse, noti ya saki. Ga mutum goma sha biyu suna rawa a kai."

"To mu ɗaure notin da bindigar iska ta ɗaurin taya, mu ba ta wuta sosai."

"Ka tsinke ƙusoshin ke nan. A'a."

Ya dubi Papi, ya dube ni. "Wa ya gaya miki duk wannan?"

"Shi."

 Gaskiya zuciyata ta karye. Mutumin da ya taɓa kwaɗe mini hannu ina 'yar shekara sha huɗu don na bar tsatsa a mazaunin taya, yau shi ya shafe fuskar ƙarfe da fenti. In na gaya masa, zai gane abin da ya ɓace masa, kuma na san shi: zai ajiye burushin, ba zai ƙara ɗauka ba.

"Ke za ki gaya masa, ke ce makaniki," in ji Efraín.

"Kai ne ɗan lelensa."

"Lelen nawa bai kai nan ba."

Muka yanke shawarar ɓarayi: a kwashe su a kai bayan gareji, a goge da tina, ruwan cire fenti, kafin ya farka. Na ɗauki biyu, Efraín ya ɗauki biyu, amma da yake shi ba ya iya yin komai a ɓoye, sai ya yi tuntuɓe da jak. Ƙarar ta isa ta tashi unguwa.

Papi ya buɗe ido. "Me kuke ɓoyewa? Kawo nan."

Na miƙa masa ɗaya. Ya juya shi, ya shafa fuskar da babban yatsa, ya kankara da farce. Sai na ga girarsa ta haɗe, irin haɗewar da na sani tun ina yarinya.

"Wane jaki ne ya shafa fenti a nan?"

Ya manta. Ga koren fenti a yatsunsa, amma mako guda ke nan yana shafe mota, don haka bai ga abin mamaki ba. Yana kallona yana jiran amsa.

Efraín dai tun da aka haife shi bai taɓa amsa laifi ba. Yana ɗan shekara tara ya fasa tagar maƙwabta, ya rantse zakara ne. Ya taɓa faɗawa rami da motar Titi Awilda, ya ce ramin ne sabo. Wannan Efraín ɗin ne ya matso gaba, yana nuna tafukansa da suka ɗebo kore.

"Ni ne, Papi. Na ga zai fi kyau."

"Zai fi kyau! Migdalia, kin ji ɗan'uwanki? Kashe mu zai yi da kyau. Kawo tina, kawo samfefa. Kai kuma zauna nan ka buɗe ido."

Ranar na ga mahaifina ya dawo. Shi ya goge fuskokin da kansa har suka yi ƙyalli, ya bar zanen gefe kawai, yana cewa wannan kam wanda ya yi shi yana da hannu, ko da ba shi da kai. Ya hana mu taɓa taya sai da muka sa wa motar madogara, don jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Ya sa Efraín ya kankare tsatsar mazaunin taya da burushin waya. Ya duba ko tsofaffin ƙusoshin sun leƙo sun hana taya zama daidai. Noti kuwa da hannu aka fara, sannan sifana mai awo, a ɗaura wannan a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, har sifanar ta ce ƙas. Duk ƙas ɗaya sai Efraín ya sha zagi ɗaya, ya ce, "Na ji, Papi."

Washegari muka fito. Jif ɗin ta buɗe ƙafa kamar 'yar kokawa, 'yan Carrizales suka yi kamar ba su gani ba, wanda ya fi yabo daɗi. Da rana ta yi tsaka, bayan mun sha zagaye, Papi ya bugi ƙofa daga kujerar gaba ya ce a tsaya a sake gwada notin. Kowa ya sauko yana gunaguni, ƙararrawar da ke jikin rigunan bikin na kaɗawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya motsa.

Papi ya leƙo ta taga, ya yafito Efraín da yatsa.

"Daga yau kada ka ƙara taɓa mini fenti. Kowa da aikinsa a gidan nan, wannan nawa ne."

Efraín ya jawo abin rufe fuskarsa ya saka da sauri don kada a ga idonsa, alhali zafi ya sa kowa ya tura nasa saman goshi. Muryarsa ta fito daga ciki a dishe.

"Naka ne, Papi. Ba wanda zai taɓa."