Yatsun da Siminti Ya Cinye

Tun kafin azahar magini ya ci gwajin. Katangar da aka sa shi ya ɗora a filin ofis ta miƙe sambal, har mai dubawa ya kara ma'auninsa sau biyu yana gyaɗa kai. Wani kamfanin ƙasar waje ne ke neman magina arba'in da zai tafi da su can, sunansa kuwa ya fito na uku. Abu ɗaya ya rage, a ɗauki zanen yatsunsa don takardar izinin aiki.

Wata ma'aikaciya ta ɗora babban yatsansa a gilashin na'ura, sai jar fitila ta kama. Ta goge gilashin, ta bi yatsun goma ɗaya bayan ɗaya. Ja dai, ja dai.

"Baba, ai yatsunka ba zane, sumul suke."

"'Yata, shekara ashirin da shida suna cikin siminti. Leƙa ta taga, ga katangata can."

"Wallahi na gani, Baba. Na'urar ce ba ta ganin katanga."

Ta sassauta murya ta ce ya ajiye aiki wata biyu yana shafa mai, wataƙila zanen ya dawo. Ya yi lissafi a ransa. Wata biyu, wa zai ci da gida? Tafiyar ma jibi ce.

Da ya fito, ya tarar lebura biyu na rushe katangarsa, don ana bukatar bulon a gwajin gobe. Sai gumi suke haɗawa, ta ƙi faɗuwa.