Radiyon Baba Nomau

Ɗan kokowar Tahoua ya riga ya cafko ƙafar na Damagaram, maza goma sha biyu da ke cushe a shagon Harisu duk sun miƙe tsaye, sai hoton tele ya daskare. Ƙafa a sama, baki a buɗe, ba kaye ba tashi.

"Kai Harisu, ka ga za a kada naku, shi ne ka kashe muna ita!" in ji Baba Nomau daga kujerarsa ta roba. Aka kwashe da dariya, don kowa ya san tsohon mutumin Tahoua ne, Harisu kuwa ɗan Damagaram, kuma tun da aka fara kokowar ƙasa ta neman takobi ta bana suke tsiya da juna.

Harisu ya lalubo telekomand, abin danna tele daga nesa, yana rantse-rantse. Telen nan irin mai arahar nan ce da manyan motoci ke kawowa daga Aljeriya, shafaffiya kamar faranti, sunan da ke jikinta ma ba wanda ya taɓa jin sa. Tun da gilashin kwamfutarsa ya ƙone ita ke aiki biyu. Da safe a kanta yake buga wa mutane takardun neman aiki, da la'asar ya danna maɓalli ɗaya ta koma tele. Ya cika unguwa da tutiyar wannan dabara, sai ka ce shi ya ƙera ta. Rubutun da ke kan maɓallan ya daɗe da gogewa, da ka yake danna su. Ran nan yatsa ya zame.

Filin kokowa ya ɓace. Baƙin allo ya fito, da haƙarƙarin mutum a jere fari-fari. Ƙasa da kafaɗar dama ga wani farin dunƙule kamar curin fura. A can sama kuma, da manyan haruffa, sunan Baba Nomau.

Da a wani gari ne, da an ce mene ne wannan. Amma nan Arlit ce. Fiye da rabin mutanen da ke shagon sun yi shekaru a ramin ma'adini, kowace shekara sun tsaya gaban na'ura an ɗauki hoton ƙirjinsu, wanda suke kira radiyo. Sun san ƙirji mai lafiya, sun kuma san wanda ba shi ba. Ba wanda ya yi tari. Alkassoum, wani tsohon Buzu da suka yi aiki tare da Baba Nomau, ya ja rawaninsa ya rufe baki.

Da safen nan ne Baba Nomau ya shigo shagon, ya sa Harisu ya tura ƙofa, ya ciro faifan kwamfuta daga aljihu. Asibitin Agadas suka ba shi.

"Likita ya hwaɗa mani komi, amma ina so in gani da idona. Sa mani cikin ordinatar taka, ta hi girma."

Ya daɗe yana kallo, hannu a baya, kamar mai duba ginin wani. Sannan ya ce, "Amana na ba ka, Harisu. Ko Rabi ba ta sani ba. Ka ga ɗiyata Baraka ta zo gida haihuwa, yau ko gobe. A bari ta sauka lahiya, a yi suna, sannan ni da bakina in hwaɗa masu." Harisu ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Ya ciro faifan ya mayar masa. Hoton ne bai rufe ba, don wani ya leƙo da takardar gaggawa, ya ce bari ya sallame shi, daga nan sai kiɗan kokowa ya ɗauke masa hankali.

Yanzu ga shi yana danna maɓallai kamar mahaukaci. Wani rubutu ya fito, ya ɓace, hoton na nan daram. Daga ƙarshe ya fizge wayar wuta daga bango. Baba Nomau ya miƙe a hankali, ya ɗauki kujerarsa, don kullum da abarsa yake zuwa, ya ce, "To jama'a, sai an jima." Bai dubi Harisu ba.

Ba wanda ya yi nufin sharri. Kowa matarsa kawai ya faɗa wa, ya kuma ce kada ta faɗa wa kowa. Kafin magariba Inna Rabi, matar Baba Nomau, tana tsaye a bakin famfo wata ta riƙe mata hannu ta ce Allah ya sa kaffara ne. Da bokiti ba ruwa ta koma gida. Bayan kwana biyu Baraka ta haihu, namiji, lafiya lau, amma an ce da kuka ta shiga naƙuda, kuma ba na ciwo ba ne.

Tsakanin shagon Harisu da ƙofar Baba Nomau taku goma sha biyu ne. Harisu ya mai da su tafiyar minti goma, don ta bayan layi ya koma zagayawa. Masallaci ma ya canja. Masu zuwa kallo ya ce masu na'urar kama tashoshi ta lalace. Har aka gama kokowa bai san jihar da ta ɗauki takobi ba. Ranar suna ya tashi da sassafe ya ce tawadar buga takardu ta ƙare, ya hau kabu-kabu zuwa Akokan, garin da ke maƙwabtaka da su, ya yini a bencin mai shayi yana kallon motoci. Kunya ce, ba wani abu ba, irin wadda ke sa mutum ya ji rigar jikinsa ma tana kallonsa.

Amma bango ba ya hana tari wucewa. Da azahar, in layi ya yi tsit, yana zaune gaban telen yana buga wasiƙar wani, sai ya jiyo tarin tsohon, doguwar ja kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Sai ya ga ya rubuta layi ɗaya sau biyu.

Rahama, matarsa, ita ta gaji. Ta dire masa kwanon abinci a shago ta tsaya a kansa.

"Malam, yau kwana goma sha tara. Kullum na kai wa Baba Nomau kunu sai ya ce, shin mijinki ya koma Damagaram ne? Na ce aiki, na ce mura, na ce aiki kuma. Ƙaryata ta ƙare. Ya daina fitowa ko tsakar gida."

"Da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda ka dubi hoton."

Bayan la'asar ya yi takun nan goma sha biyu. Inna Rabi ta amsa sallamarsa ba yabo ba fallasa, ta ɗaga masa labule. Ɗakin na warin man zafi. A jikin ƙusa ga tsohuwar hular ƙarfe ta aikin rami, rawaya, duk ta kankare. Baba Nomau na kwance an tokare shi da matasai, ya ragu har Harisu ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa a bakin katifa, duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu.

"Baba, ka yafe mini."

"A'a, ɗan Damagaram! Ashe kana gari." Ya tsaya ya ja numfashi. "An ce mu munka ɗauki takobi. Shi ne ka ɓuya?"

Harisu ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga.

"Na ci amanarka, Baba."

"Wancan yatsa ne ya zame. Tun ban kai ƙohwa da kujerata ba na yahe shi." Tari ya sarƙe shi, Harisu ya miƙa masa ruwa, ya kurɓa ya kawar da kai. "Wanda ya yi mani ciwo na ƙahwa ne. Kwana goma sha tara ina jin kana buɗe shago kana ruhewa. Kai kaɗai na zaɓa na nuna ma, kai kaɗai ne kuma ba ka zo ba."

Harisu ya kafa ido a kan tabarma kamar yaron da aka kama.

"Tashi, na yahe wannan ma. Amma da aiki." Ya rage murya, ya nuna labule da haɓa. "Duk layin nan sun ga cikin ƙirjina. Mai nama ya gani, mai gyaran taya ya gani. Wadda ta shekara talatin da huɗu tana dahwa mani maganin tari, ita ce ba ta gani ba. Ba ta ce komi ba, amma na san yana cin ta. Gobe da hantsi ka ɗauko telen taka ka kawo nan."

"Yanzu ma sai in kawo, Baba."

"Yanzu na gaji. Gobe."

Washegari da hantsi Harisu na tsaye a kan benci yana kwance telen daga bango. Ƙusoshi uku sun fita, ta huɗun ta cije, kanta ya lalace, irin na kayan araha. Yana cikin fama da ita ya ji salati ya tashi daga bayan bango, muryar Baraka a sama. Ya tsaya a haka, hannu ɗaya na tallabe da telen, ya kasa saki ya kasa sauka.

An kai shi kafin azahar. Harisu ya kama makara tun daga ƙofar gida, aka yi ta karɓar wasu ana hutar da su, shi bai saki ba. Alkassoum ya dube shi sau ɗaya, ya ƙyale shi.

Ya ɗauka maganar ta bi mai ita. Sai bayan sadakar bakwai Rahama ta dawo daga gidan ta ce, "Inna ta ce wai akwai saƙon da aka bar maka."

Sawu biyu ya yi, telen a rungume, sannan kwamfutar da wayoyinta. Inna Rabi na zaune a tabarma a ɗakin marigayin, cikin mayafin takaba, Rahama a gefenta. Ta zaro faifan daga ƙarƙashin matashi ta ajiye a ƙasa, ya ɗauka. Ya jingina telen da bango, ƙasan hular nan rawaya, ya haɗa wayoyi. Wannan karon sai da ya dubi maɓallin sau biyu kafin ya danna.

Haƙarƙarin suka fito a jere. Inna Rabi ta matso da gwiwa.

"Wannan shi ne?"

"Shi ne, Inna. Ga sunansa a sama."

"Ina abin?"

Ya nuna da yatsa, bai yarda ya taɓa gilashin ba. Ta daɗe tana kallo. Can ta kama bakin mayafinta ta goge wurin a hankali, yadda ake goge wa yaro fuska. Ta duba, ta hura masa iska, ta sake gogewa. Gilashin ya yi tas, farin na nan inda yake. Sai ta saki mayafin, ta ɗora tafin hannunta a kai, ta bar shi a nan.