Takalman Hagu na Agya Donkor

"Ina wuƙar?" in ji Agya Donkor. Yana kwance rigingine a kan wani siririn gado, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, ƙaton injin hoto na shawagi bisa cikinsa.

"Babu wuƙa, Agya," Dakta Afriyie ta ce. "Ta gindin cinyarka zan zura waya in bi jijiyar jini. Ai na yi maka bayani."

"Waya! Ni da motar gungume ta kife da ni a hanyar Bibiani na fito ina neman hulata, ni za a yi wa gyara da waya kamar rediyo?"

Duk Kumasi ba a yi direba irinsa ba, wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi. Bai taɓa zama a aji ba, amma kowane tabo na jikinsa yana da labarinsa. Sai dai ciwon suga ba ruwansa da tarihi. Ƙafarsa ta hagu ta yi sanyi, babban yatsa ya soma baƙi, rawar adowa da yake takawa duk Asabar a wurin makoki ta gagare shi. Likita ta ce jijiya ce ta toshe a ƙasan gwiwa. In waya ta ratsa, ƙafa ta tsira. In ta ƙi, sai yanka.

Shi kuwa ya riga ya yanke hukunci cewa ƙafar ta tafi, don namiji ba ya zama a tausaya masa. Jiya, a gaban 'yan dara na gindin mangwaro, ya zazzage duk takalmansa na hagu a gaban Wofa Sarpong, abokin tsokanarsa da irin wannan ciwo ya cinye wa ƙafar dama. Har da ahenema, takalmin gargajiya mai adon zinariya, na zuwa makoki. Sarpong bai ɓata lokaci ba, ya aika aka kawo kwalbar giya, ya yi aseda, godiya a gaban shaidu. Kyautar da aka yi wa aseda kuwa ba ta komawa.

"Dubi allon nan, ka ga jijiyoyinka," in ji likita.

Aka saki ruwan hoto a jijiyar, wani ɗumi ya bi cinyarsa, baƙaƙen layuka suka bayyana suna rassa. Donkor ya ware ido.

"Wannan ai hanyar Tamale ce! Ga babban titi, ga na ƙauyuka. Can fa, me ya sa ta yanke?"

"Nan gadarka ta karye."

Siririyar wayar ta gangara, ta isa wurin, ta lanƙwashe. Likita ta ja baya, ta sake turawa. Ta sake lanƙwashewa. Donkor ya tuna yadda Sarpong ke naɗe ƙafar wandonsa ya soke ta da fil kowace safiya.

"Yau ga abin mamaki," wata nas ta ce. "Agya ya yi shiru."

"Tunani nake! 'Yata, ki ja baya, ki sa giya ɗaya, ki taka mai sosai."

Likita ta ce, "Mota ɗaya, direba ɗaya, Agya. Kai fasinja ne yau. Daina motsi."

Ta canza waya, ta murza ta a hankali tsakanin yatsu biyu. Can sai ga ta ta ɓulla ƙasa. Aka bi ta da 'yar balan-balan aka hura, zafin ya sa Donkor ya kira uwarsa da ta rasu tun yana yaron mota. Da aka sake sakin ruwan hoto, baƙin layi ya zarce har yatsu.

"Kun gani?" ya ce, hawaye na shiga kunnensa. "Giya ɗaya na ce."

Aka mayar da shi ɗaki, aka ce kada ya kuskura ya lanƙwasa ƙafa sai yamma. Yana nan miƙe kamar gungume sai ga ƙwas-ƙwas na sanda. Sarpong ne, ya sha zanen fita kunya, zinariyar ahenema na walƙiya a ƙafarsa guda.

"Na zo gaisuwar ƙafa," ya ce, ya ɗaga mayafin. "Af! Me wannan ke yi a nan?"

"Aiki aka yi mini wanda ko Turawa sai sun yi taro."

"Nuna tabon."

Donkor ya dubi 'yar filastar da ba ta kai ƙwallon dara ba, ya kuma tuna inda take. Matan da suka zo dubiya a gadon kusa sun zuba ido.

"Ba wurin nuna wa yara ba ne. Cire mini takalmi."

"Wane naka? Giyata ka sha, tsoho. Mutum bakwai suka gani."

"Asabar makokin surukin maƙwabciyarmu Pokuaa ne! Da na dama kaɗai zan taka rawa?"

"Ka yi tsalle. Ni haka nake yi."

Sarpong ya zauna a bakin gadon, ya ɗora tafinsa a kan ƙafar Donkor ta hagu. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Da ɗumi," ya ce a hankali. Sannan ya zare ahenemar ya tura ta ƙarƙashin gado. "Aro ne. Lahadi ka dawo da shi. Duk Asabar kuma ka zo gidana ka roƙa, da ladabi, a gaban matata."

"Ni? Donkor? In roƙe ka?"

Donkor ya dubi silin. Ya motsa yatsunsa na hagu, suka amsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙarfe nawa kake tashi?" ya ce.