Ƙarfen Hajiya Daso

Saudatu ce ta kawo labarin daga wani taron suna, tana cire mayafi tana dariya. Wai a unguwar Sentul, nan cikin Kuala Lumpur, akwai wata tsohuwa 'yar China mai shekara tamanin, tana ɗaga ƙarfe kilo ɗari.

"Wa ya gani?" in ji surukarta, Hajiya Daso.

"Matar Malam Hambali ce ta faɗa, Hajiya."

"Ita ta gani da idonta?"

"Ita ma ji ta yi. Wai shagon kayan motsa jiki gare ta, kusa da tashar jirgi. Amma kowa ya ce ganganci ne. Tsohuwa ta ɗau ƙarfe, ai ƙashinta ne zai ruguje."

Shekara talatin da ɗaya Hajiya Daso ta yi tana koyar da lissafi a Kano, ta kuma san idan lamba ta zo cif-cif haka, tamanin da ɗari, to an yi mata kwaskwarima a hanya.

Wata uku ta zo yi a Kuala Lumpur, ga shi tana cikin na takwas. A sati na biyar ne santsi ya kwashe ta a banɗaki. Ba abin da ya karye, amma ta kasa tashi. Tun hantsi take zaune a kan tayil mai sanyi har Saudatu ta dawo da yara daga makaranta. Daga ranar autanta Alkasim, mijin Saudatu, wanda ke karatun digiri na uku, ya yanke hukunci: ba za ta koma ta zauna ita kaɗai a gidan Gwammaja ba. Likita ya ce ƙafafun ne suka yi rauni, ta riƙa ɗaga wani abu mai nauyi. Alkasim ya ce likitocin nan ba su san tsofaffinmu ba, ya saya mata kujerar salla.

A kan kujerar take salla yanzu, a hawa na goma sha bakwai. Ƙarfe takwas gidan yake watsewa. Jikarta Afnan, in ta yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Abin da ya rage mata shi ne muryar maƙwabciyarta Barira a waya, tana ba ta labarin gwaibar tsakar gida ta nuna, jemagu na ta sha.

Ranar Talata, bayan kowa ya fita, ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki jaka. Ta hau jirgin ƙasa a tashar Pantai Dalam, ta canza a KL Sentral kamar yadda ta rubuta a bayan wata ambulan. Tun daga gida har Sentul ba wanda ya ce mata uffan.

Shagon na tsakanin wani shagon gyaran waya da gidan abincin Indiyawa Musulmi. Ciki warin roba da tsatsa. Wata mata guntuwa mai farin gashi gajere tana zaune a kan benci tana ɓare lemo.

"Ɗanki za ki saya wa?" matar ta tambaya da Turanci.

"Ni ce."

Matar ta dube ta daga ɗankwali zuwa silifa. Ba ta yi dariya ba, abin da Hajiya Daso ta lura da shi ke nan. Ta ce sunanta Madam Foong, ta goge hannu a wando, ta tambaye ta kilo nawa take so.

Hajiya Daso ta riga ta yi lissafinta tun a gida. Buhun shinkafar da Saudatu ke saya kilo goma ne, kuma tana iya jan shi daga bakin ƙofa zuwa kicin. Ta nuna wata doguwar sanda mai sheƙi, ta nuna faifai biyu masu lamba biyar-biyar. Madam Foong ta zura su, ta ja da baya.

Hajiya Daso ta sunkuya, ta yi bisimilla, ta kama, ta ja. Ƙarfen bai ko motsa ba. Ta sake ja har ta ji jijiyar wuyanta ta ɗaure. Sai ta saki, ta dafa gwiwa tana haki, kunya na cin ta. To, ashe gaskiyar Alkasim ce. Ta hango kanta a kujerar nan har ƙarshen kwananta, tana kallon ruwan sama ta gilashi.

"Kilo nawa ke nan?" in ji Madam Foong.

"Goma."

"Sandar fa? Iska ce?"

Hajiya Daso ta dubi sandar.

"Ita kaɗai ashirin ce. Talatin kika ja. Duk wanda ya shigo nan haka yake yi, faifan kawai yake ƙirgawa."

Dariya ta kufce wa Hajiya Daso, irin wadda ta manta rabonta da ita. "Ni malamar lissafi ce," ta ce. "Da ɗalibata ce ta yi wannan, da sifili zan ba ta."

"Malama, me kike so ki ɗaga? Ba wanda ke son ƙarfe don ƙarfe."

Hajiya Daso ta ce, "Kaina nake so in ɗaga daga ƙasa. In sa goshi a ƙasa in yi salla, in miƙe ba wanda ya kama ni. In na iya, zan koma gida."

Madam Foong ta tura mata wani akwatin katako da ƙafa. "Zauna. Tashi. Ban da hannu."

Sau huɗu ta tashi. Na biyar ya gagara.

"Huɗu ba sifili ba ne," in ji matar. Ta shiga ciki ta fito da wata gajeriyar sanda, siririya, mai zare a bakinta kamar na noti. Ta ce wannan kilo shida ce, za ta shiga lif, za ta shige ƙarƙashin gado. Waccan mai sheƙin ta 'yan gasa ce, ta fi mutum tsawo. Ta kuma gargaɗe ta kada ta bari ɗanta ya yi mata gwaninta ya sayo faifai masu babban rami, ba za su zauna a wannan ba. Sannan ta nuna mata yadda za ta rungume sandar a ƙirji, ta zauna a bakin gado ta tashi, sau biyar, sau uku a sati.

"Faifan fa?"

"Ba yau ba. Ranar da sandar ta zame miki wasa, ki dawo. Da rana ba kowa a nan, ina da shayi."

Hajiya Daso ta biya, ta riƙe sandar a tsaye kamar ta dogarawa. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Ke nawa kike ɗagawa? Da sandar nake nufi."

Madam Foong ta ajiye lemonta. Ta ƙara faifai, ta tsaya a kan ƙarfen, ta ja numfashi, ta miƙe da shi a hankali har gwiwoyinta suka daidaita, ta dire. Hajiya Daso ta karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ta haɗa da sandar. Ta yi mata wasu tambayoyi biyu, matar ta amsa.

La'asar ta yi kafin ta isa gida. Alkasim na tsaye a falo da waya a hannu, fuskarsa duk ta canza.

"Hajiya! Ina kika shiga? Mun kira ya fi sau ashirin. Wannan kuma mene ne?"

"Sanda ce. Kilo shida."

"Don Allah, Hajiya, so kike ki karye a ƙasar mutane?"

Ta jingina sandar kusa da kujerar salla. Ta zauna a bakin kushin, ba ta dafa komai ba. Saudatu ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Sentul kika je? Wai da gaske ne, Hajiya?"

"Shekararta saba'in da uku," in ji Hajiya Daso. "Kilo arba'in da biyar take ɗagawa. Kuma ita kaɗai take zaune a gidanta."