Wasiƙa a Cikin Kwamfutar Malam Irmiya

"Baba Yari, yanzu hwa? Ta gani?"

Na'Allah mai haɗa dish ɗin talabijin ne ke ihu daga saman kwano. Ya naɗe rautar intanet a kan doguwar gora, gorar kuma ya ɗaure ta a jikin ƙarfen tanki da wani kebul ruwan ɗorawa da ya tarar a kwalinta, bayan ya datse masa kawuna da filaya don ya ɗauru. Na juya na dubi Malam Irmiya. Yana zaune gaban kwamfutarsa da tawul a wuya. Ya matsa abin da zai matsa, ya jira, sannan ya kaɗa kai.

"Ba ta gani ba," na ce ta taga.

"To wallahi ba laihin sabis na ba! Ga wayata nan ta kama shi tun daga bakin titi. Injin ga tsoho na, Baba, awa ku. Sai an ɗaga mai murya."

Kwana huɗu ke nan muna wannan fama. Rautar 'yar akwati ce fara mai ƙaho biyu, wadda aka ce ita ke kawo intanet cikin gida ba tare da an ja waya ba. Mun ɗora ta a kan kabad, mun sa ta a taga, mun buɗe ƙofofi duka har kajin matata Iyatu suka shigo falo. Na'Allah ya ce duk abin da ke da ƙaho sama yake so, kamar eriyar talabijin, shi ya sa muka kai ga gora. Wayar kowa a layinmu na Gawon Nama ta ga rautar. Kwamfutar da aka sayo ta dominta ce kawai ba ta san tana duniya ba.

Malam Irmiya ya jawo ɗan littafin da yake magana da shi tun da ciwon maƙogwaro ya cinye masa murya. Ya rubuta, ya miƙo mini: "Ka ce ya sauko kafin ya fasa mini kwano."

Ni da shi mun haɗu tun zamanin da kuɗin mai ya shigo, ana ta buɗe ofisoshi ana neman ma'aikata. Shi ya zo daga wani ƙauye bayan Kafanchan da takardar shaidar buga tafireta, ni na baro gonar shinkafar babana a wajen Wurno da ƙafafu biyu kawai. Ya zama mai buga takardun sirri, na zama masinja. Ba a ɓoye mini dalilin ɗaukata ba: ban iya karatu ba, don haka ko ambulan ta buɗe a hanya babu abin da zai fita. Sojoji suka zo suka tafi, wasu suka zo. Takardar korar mutum ta bi ta yatsun Malam Irmiya da safe, da rana su ci tuwo da mutumin a kwano ɗaya, ba zai ga komai a fuskarsa ba. Ko ribon tafireta da ya ƙare ba ya jefarwa a kwandon shara, ƙonawa yake. Karatu kuwa sai da na haura arba'in na koya, a kan tabarmar gidansa, wajen matarsa Monica, wadda take malamar firamare.

Da Na'Allah ya sauko yana share gumi sai ya ce, "Ni ban ga abin wahala ba. Takarda ɗaya ta, ko? A sa ta cikin filas na kwamfuta, in kai kafen intanet bakin kasuwa, minti biyu an tura ma ɗiyar."

Malam Irmiya bai ko dube shi ba. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Babu ido na uku."

"To a tura ta wayata."

Ya ƙara ja wa maganar layi biyu a ƙasa.

"Ikon Allah! Baba, wa ad da lokacin karanta asirin tsoho? Ko gwamna ka rubuta ma?"

Na ce masa ya je ya ci abinci.

Ɗiyar ita ce Hannatu, ita kaɗai Allah ya ba su. Tana shekarar ƙarshe a jami'a a Zariya lokacin da Monica ta faɗi a makaranta, kwana biyu ta cika. Saura mako uku Hannatu ta gama jarrabawa. Malam Irmiya ya tara mutanen majami'arsu da mu maƙwabta ya ce kada wanda ya gaya mata. Aka binne Monica. Ni aka aika Zariya da garin rogo da sabulu. Hannatu ta tare ni a bakin ɗakin kwanansu tana murna, ta ce, "Baba Yari, ya Mama?" Na ce, "Tana gaishe ki." Da ta dawo gida da jakarta da tsarabar zane da ta sayo wa uwarta, sai aka nuna mata kabari.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Tana aiki a Legas. Tana aiko da magani, tana aiko da suwaita lokacin sanyi, amma ba ta zuwa, in ya kira kuma gaisuwa ce ta minti ɗaya. Da labarin muryarsa ya kai mata, sai ga direban wata motar haya da kwalin rauta da 'yar takarda a manne. Ya nuna mini ita da kansa. Adireshin imel ɗinta ne, a ƙasa ta rubuta: "In kana da abin faɗa mini, ka rubuto."

Tun ranar ya zauna gaban kwamfutar, tsohuwa ce mai ƙatuwar ƙeya da ya saya a gwanjon kayan ofis lokacin da ya yi ritaya. Mutumin da cokalin koko ke rawa a hannunsa, da ya ɗora yatsu a kan madannai sai ka ji kamar ruwan sama a kan kwano. Kullum da hantsi nakan kawo masa kunun da Iyatu ta tace sau biyu don ya wuce, in zauna a kujerar bakin ƙofa. Rana ta farko da na shigo yana cikin bugawa, ya tsaya, ya kama allon da hannu biyu yana son juya shi bango. Ya kasa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Na miƙe na kama masa, muka juya shi tare, allon ya ba ni baya.

Ya rubuta a littafi: "Da can ka fi amfani."

Na ce, "Matarka ta ɓata ni, Oga."

Ya yi abin da ya rage masa na dariya, wani huci ta hanci, sai tari ya biyo baya. Na ga abin da ya fito a tawul ɗin. Ya ga na gani. Ya ninke shi.

A mako guda ya gama wasiƙar. Sai tura ta ya gagara.

Ranar Alhamis da la'asar Na'Allah ya zo da wani mutum mai furfura a gemu, Haruna, wanda ke gyaran kwamfutoci a wajen Ƙofar Marke. Haruna ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon gorar.

"Wa yai wanga aiki?"

"Ni," in ji Na'Allah. "Don sabis."

"Sannu, injiniya. Saura ka aza mata tuta."

Ya shiga falo, ya gaida Malam Irmiya da ladabi, ya durƙusa ya leƙa bayan injin da fitilar wayarsa. Ko minti biyu bai yi ba.

"Baba, wagga ko cikin cikinta kunka sa rautar ba ta ganin ta. Irin na ohis na da can, ba a yi su da abin kama sabis ta iska ba. Babu shi ciki sam. Kebul taka so, daga bayan rauta zuwa wanga rami. Ina kwalin? Ana sako kebul ɗin ciki."

Na'Allah ya kalli ƙasa, sannan ya kalli taga. Haruna ya bi idonsa har saman tanki, inda kebul ruwan ɗorawa ya zagaye gora sau shida, an ƙulle shi kamar igiyar akuya.

"Kai ka yanke mai kai?"

"Anka ce marar waya ta! Mi za a yi da waya?"

"La ilaha illallahu. Kwana nawa?"

"Tara," na ce.

Na ji tsoron duban Malam Irmiya, amma na duba. Bai yi fushi ba. Ya ɗauki biro, ya riƙe shi a kan takarda, ya ajiye bai rubuta komai ba. Haruna ya ce an rufe shago, yaron da ke riƙe da makulli ya tafi ɗaurin aure Gwadabawa, amma gobe da hantsi zai zo da sabon kebul. Malam Irmiya ya ɗaga masa hannu alamar godiya. Da suka fita ya rubuta mini: "Ka zo da wuri gobe. Ka kawo mini farar rigata daga wajen mai guga."

Na ce, "Oga, ai ba ganinka za ta yi ba."

Ya rubuta: "Ba a tura takarda da singileti."

Da safe na kai rigar wajen ƙarfe takwas. Na yi sallama sau uku kamar yadda na saba, ko da yake na san ba amsawa zai yi ba. Yana kan kujerar gaban kwamfuta, ya yi aski, ya sa wandonsa na zuwa majami'a, kansa ya kwanta a kafaɗa. Injin na kunne, fankarsa na ƙara. Na taɓa hannunsa, da sauran ɗumi. Na tsaya da rigar a leda ban san inda zan ajiye ta ba.

Kafin in kira fasto, kafin in gaya wa Iyatu, lambar Hannatu na nema.

"Baba Yari, lahiya?"

"Babanki ya cika."

"Yaushe?"

"Yanzu. Ko awa ba a yi ba."

"Na gode da ba a jira sati ukku ba," ta ce, ta kashe.

Haruna ya iso ƙarfe goma, ya tarar da mata 'yan majami'a cike da tsakar gida suna waƙa a hankali. Ya tsaya da kebul a hannu. Ban san me ya sa na ce masa ya shiga ya haɗa ba. Na'Allah ya hau ya kwanto rautar. Haruna ya soka kai ɗaya a nan, ɗaya a can. Wata 'yar fitila ta kama ƙiftawa a bayan injin.

"Ta gani," ya ce a hankali. Ya taɓa wani abu. "Baba, ga takardar nan buɗe. Ga adireshin manne ga bango. In tura?"

Na kai idona kan kalandar da ke rataye. Na san in na juyo zan iya karanta layin farko daga inda nake tsaye.

"Ka karanta?"

"Wallahi a'a."

"To kashe."

Hannatu ta iso ranar Asabar. Ta yi ƙiba, ta sa tabarau, tafiyar uwarta sak. Aka binne shi kusa da Monica. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta daɗe tsaye a wajen tsohon kabarin, ta ba sabon baya. Ranar Litinin ta raba kayan gida: kujeru ga majami'a, tukwane ga Iyatu, keke gare ni. Na same ta a falo tana ɗaure jaka.

"Akwai wasiƙarki cikin injin ga. Sati guda yana bugawa."

"Ban ga komi ba a imel."

Na gaya mata labarin gora da kebul. Ta saurara har ƙarshe.

"Watau ya gwammace ya mutu da ita da wani ya gani." Ta ja zif ɗin jakar. "Bai canza ba, Baba Yari. Kai ma da kana iya cewa a tura, ba ka ce ba."

"Ban ce ba."

"Kullum abin da ya ce."

"Ga ta nan an haɗa. Kunnawa kawai za ki yi, ni in hita."

Ta dubi allon da har yanzu ke fuskantar bango. Na ga hannunta ya matse igiyar jakar.

"Motata ta ƙarhe tara ta," ta ce.

Bayan ta tafi na kira Haruna a waya na tambaye shi a wane ɓangare takardar take, allon ko akwatin injin. Ya ce akwatin. Na zare wayoyin, na naɗe shi da wani tsohon zanen Iyatu, na ɗaure a bayan keken. Nauyinsa ya sa na tura keken da ƙafa har tasha.

Motar ta kusa cika. Hannatu na zaune gefen taga. Na ajiye akwatin a ƙasa daidai inda za ta gani, na tsaya.

Kwandasta ya ce, "Tsoho, wanga na wa?"

Ita nake kallo. Ta dubi zanen, ta dube ni, ta mai da kanta gaba. Direba ya tada inji.

"Kai, kayan wa na? Za mu tahi!"

"Nawa ne," ta ce, ba tare da ta juyo ba.

But ɗin bayan motar ya riga ya cika. Kwandastan ya cilla akwatin saman mota tsakanin buhunan albasa, ya ja igiya ya take da ƙafa. Na ce ya yi a hankali, bai ji ba. Rana ta riga ta yi zafi. Motar ta fita daga tasha ta faɗa ramin bakin ƙofa, akwatin ya yi tsalle ya koma, gefen zanen ya kwance yana kaɗawa har suka sha kwana.